Ɗigon Jan Fenti a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano bakina bai huta ba. Ɗaliban da ke shigowa shagona a Samaru ɗaukar hoton fasfo sai sun tambaye ni ko na ga teku. Matan zumunta na cocinmu kuwa ranar Lahadi ko zama ban gyara ba sun kewaye ni, wannan na son jin tsadar atamfa, waccan na son sanin ko da gaske ne mutanen can suna sumbatar juna a kumatu a bainar jama'a. Ƙawata Rifkatu ita tambayarta ɗaya ce kullum, wai me ya sa na dawo shiru-shiru kamar wadda ta baro wani abu a can. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, don haka ga shi nan tun daga tushe.

Babana mai hoto ne a Sabon Gari tun kafin a haife ni, a hannunsa na koyi sana'ar. Da wuya ka sami gida a unguwarmu da ba a tsaya gaban labulen shagonsa ba, ko don baftisma, ko suna, ko aure. Cikin waɗanda suka tsaya har da Emeka, ɗan maƙwabcinmu mai sayar da kayan gyaran mota, wanda Baba ya ɗauka tun yana zanen goyo har ranar da ya sa rigar gama jami'a. Emeka ya zama injiniya, aiki ya kai shi Kwatano, kamfaninsu ya sami kwangilar gina wani katafaren zauren kiɗa da wasanni kusa da teku. Da aka ce ana neman wanda zai riƙa ɗaukar hoton aikin tun daga haƙa rami, sai ya kafe shi dai Baba za a ɗauko daga Zariya, sai ka ce duk Kwatano babu mai kyamara.

Shekaru Baba ya yi yana wannan zirga-zirga. Duk dawowa zai wanke hoto ɗaya babba ya rataye a bangon shago kusa da na baya. Na farko fili ne kawai, ciyawa da awaki, sai wata bishiyar kwakwa guda a gefen dama. Daga nan rami, sai rodi ya tsiro, sai ginshiƙai, sai rufi ya fara lanƙwasowa. Komai na sauyawa a jerin nan, amma kwakwar tana wuri ɗaya ba ta gusa ko da faɗin farce. Dalili kuwa, akwai gidan wata mata a tsallaken titi, Mama Sika, mai rufin siminti. A saman rufin nan Baba ya ɗiga jan fenti wuri uku, inda ƙafafun kyamararsa ke zama, kuma bai taɓa sauya tsayinsu ba. A ƙarshen jerin ya kafa ƙusa ya bar ta haka nan. Ta hoton ranar buɗewa ce, wanda ya ce za a ɗauka bayan faɗuwar rana, daidai lokacin da hasken sama da na fitilun ginin suka zo ɗaya.

Sai idonsa ya fara tafiya. Likitocin asibitin Shika suka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa gudu. Shi da kansa ya ce ji yake kamar yana leƙen duniya ta cikin bututu, kullum bututun yana ƙara tsukewa. Tafiya ta gagare shi, aka gama ginin ba da shi ba. Ranar da Emeka ya bugo ya ce an sa ranar buɗewa, kuma ya ba da sunana a madadin Baba, na san ba don kamfani zan tafi ba. Zan tafi ne in kawo hoton nan tun da sauran ɗan haske a bututun.

Da na je sallama Baba ya miƙo mini ƙafafun kyamararsa a naɗe cikin tsohon buhu. Ni kuwa da bakina da ba ya shiru, na ce ai yanzu ko a ina mutum ya tsaya, kwamfuta za ta daidaita masa. Bai yi gardama ba.

"Saratu, ki nemi ɗigon nan, ki ɗora a kansu," ya ce. "Kuma kada ki taɓa tsayin ƙafafun. Na san kin fi ni tsawo. Ki sunkuya."

Babbar motar Legas na shiga a Sabon Gari. Kafin mu tashi wani mai wa'azi ya yi mana addu'a mai tsawo, yana sauka mai maganin basir ya karɓi wurinsa, kuma murya iri ɗaya suka yi amfani da ita. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Talatu daga Tudun Wada, 'yar kasuwar atamfa da ta san hanyar Kwatano kamar hanyar kicin ɗinta. Kafin mu wuce Kaduna ta san sunana da na kakata, ta san ba ni da aure, ta kuma yanke hukuncin cewa laifin kyamara ne, wai wane namiji zai tunkari macen da kullum ido ɗaya a rufe. Na ce mata da ɗayan nake tantance su. Dariyar da ta yi ita ta ƙulla mu har ƙarshen tafiya.

Buhun Baba ya ba ni wahala. Duk shingen da muka tsaya sai an nuna shi an ce a kwance, don dogon abu a naɗe ba ya kama da alheri. Tun fasinjoji na tsaki har suka koma tsokana, da mota ta rage gudu sai ka ji wani daga baya ya ce mai bindiga ta shirya. A Lokoja muka ci soyayyen kifi da doya, na ga ruwa mai faɗi na tambayi Hajiya ko tekun ke nan. Ta ce in rufa wa kaina asiri kada 'yan kudu su ji.

Legas ban gan ta ba, in faɗi gaskiya. Abin da na gani bayan gyalen Hajiya ne, don ta ce in na sake shi ya ɓace mini to sai dai a nemi wata Saratun. Haka na bi ta har muka shiga motar kan iyaka. A Seme aka duba fasfo da katin allura ba wata matsala, sai a ɗaya gefen wani jami'i mai ƙaton gashin baki ya sa na kwance buhu, ya juya ƙafafun nan yana magana da Faransanci. Hajiya ta fassara mini, wai yana tambaya ko ƙasarsu na zo aunawa. Na kafa su, na ɗora kyamara don ya ga amfaninsu. Kafin in ɗago kai mutumin ya gyara hula, ya tsuke ciki, ya ɗora hannu a ƙugu. Ashe ko'ina a duniya in ka juya wa mutum kyamara sai ya tuna da tumbinsa. Na ɗauke shi, ya leƙa ya ga kansa, ya sara mini ya ce mu wuce.

Daga nan komai ya zama kamar gida amma an ɗan karkata shi. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa. Mata kuwa, har da masu jikoki, kowacce tana tuƙa babur ɗinta da ɗaurin ɗankwalin da ya fi nawa tsayi, jaka a rataye, ba wanda ya ko waiwaya. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi, rana na ratsa shi, na ɗauka zuma ce. Da rana ta take kuma sai a rufe shaguna a tafi cin abinci da barci, mai saye ya jira. Na tuna 'yan kasuwar Sabon Gari da ke cin tuwo da hannu ɗaya suna ba da canji da ɗayan.

Emeka ya kama mini otal, amma Hajiya ta ce ba za ta bar 'yar mutane ita kaɗai a ɗaki da na'urar sanyi ba, ta ja ni masaukinta a Zango, unguwar Hausawan garin. Gida ne na wani dattijo da kakanninsa suka zo daga Katsina fataucin goro ba su koma ba. Hausa suke yi tsaf, sai dai kana cikin fahimta sai kalmar Faransanci ta faɗo tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa har ya kankare mini dasashi, an tsaga shi an cusa taliya a ciki. Da rana kuwa akasa, wani farin tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da kifi da jajjagen tumatir. Ranar farko na ci don kunya, daga baya ni ke neman ƙari. Abin da ban saba da shi ba har na taho shi ne ƙarar teku. Ba ka ganinsa daga Zango, amma in iska ta juyo sai na ji kamar ana sheƙa ruwan sama a Shika yana tahowa Samaru, in ta jira ya iso bai iso ba.

Ana gobe buɗewa na je zauren. Emeka ya tarye ni da Hausarsa ta Sabon Gari wadda ta fi Ibonsa kyau, yana ta ƙanwata, ƙanwata. Ya gabatar da ni ga shugabar wurin, wata doguwar mata mai ƙamshi, ta kawo fuska za ta sumbace ni a kumatu, ni kuma na durƙusa gaisuwa irin ta gida, goshina ya daki haɓarta. Matan zumunta, ga amsarku nan, da gaske ne, kuma akwai haɗari a ciki.

Da na shiga cikin zauren ni kaɗai sai jikina ya yi sanyi. Kujeru ja sun hau sun hau har sun kusa taɓa rufi, ba kowa, sai wani can sama yana gwada fitilu, haske ya faɗo nan ya ɗauke ya koma can. Ban taɓa taka wurin ba, amma na san shi a hotunan Baba. Na san a ƙarƙashin dandamalin nan akwai ramin da ruwa ya taru wata damina har leburori suka yi wanka a ciki. Na san inda kujerun manya suke a nan ne wata mata ke hura wutar dafa wa ma'aikata abinci. Ina tafiya a kan kafet ina jin kamar ciyawa nake takawa, in na juya zan ga awakin nan. Na ɗauki kujerun, na ɗauki rufin, na ɗauki masu ɗaura lasifika suna reto a kan igiya, amma duk kamar a mafarki nake aikin. Na yi kewar Baba a wurin nan ƙwarai.

Da la'asar na saɓi buhuna na tsallaka titi neman gidan Mama Sika. Baba ya kwatanta mini shi sarai, gida ne ƙasa ɗaya, rodi a tsaye a kusurwoyin rufin. Na kai na komo ban ga mai kama da shi ba. Inda ya kamata ya kasance wani bene ne sabo fil, an shafe shi da fenti ruwan ƙwai. Na kira Emeka, ya ce ai kuwa ta ɗora wani hawa a kai tun bara, shi bai kawo komai a ransa ba. Wato rufin da Baba ke tsayawa ya zama daɓen ɗakin wani. Na zauna a kan wani bulo a bakin titi, na rasa abin da ke mini daɗi. Na yi fushi da Emeka, na yi fushi da matar da ban taɓa gani ba, na kuma fara shirya ƙaryar da zan yi wa makaho.

Ina nan zaune wata ƙatuwar mata ta fito da bokitin wanke-wanke. Ba ni ta kalla ba, buhun ta kalla, inda ƙafa ɗaya ta leƙo. Ta ajiye bokitin.

"Ina Baba Foto?" ta ce.

Mama Sika ke nan. Hausarta ta kasuwa ce, ta koyo ta wajen sarin albasa a arewacin ƙasarsu, amma ta ishe mu. Na gaya mata halin da idon Baba yake ciki. Ta goge hannu a zane, sannan ta kama wuyan hannuna ta ja ni sama. Ta buɗe ɗakin ƙarshe, warin albasa ya buge ni, buhuna ne jibge har rabin bango. Muka janye na kusurwa tare. An shimfiɗa tayil a ɗakin duka, ban da wani ɗan murabba'i da aka bari da tsohon simintinsa. A kansa ga ɗigon jan fenti guda uku, sun ɗan koɗe. A gabansu kuma ga taga.

Ban taɓa ganin taga mara fasali irinta ba. Ta maƙale a kusurwa, ta fi 'yan'uwanta ƙasa, kuma ita kaɗai ce ba a sa wa ƙarfen tsaro ba, sai murfin katako. Mama Sika ta ba ni labarin rigimar da ta sha. Birkila ya ce za ta ɓata masa suna, ta ce ya fasa bangon a nan ko ya tattara kayansa. 'Ya'yanta suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Masu neman haya kuwa duk wanda ya ga taga ba ƙarfe da rami a daɓe sai ya juya, har ta haƙura ta mai da ɗakin ma'ajiyar albasa. Ƙarfen kuwa ta hana ne don kada ya shiga hoto. Na tambaye ta me ya sa ta ɗora wa kanta wannan asara saboda baƙon da ko lambarsa ba ta da ita.

"Ya ce zai dawo ya ɗauki na ƙarshe," ta ce. "Mutum bai ce ya fasa ba, ni ce zan toshe masa?"

Ranar buɗewa Emeka ya rataya mini kati a wuya, ya nuna mini wurina a gaban dandamali, inda zan ɗauki yanka ƙyalle. Ya ja mini kunne cewa da zarar manyan baƙi sun zauna za a rufe ƙofofi, wanda ya fita ya fita ke nan. Na ce masa ni fa da faɗuwar rana ina tsallaken titi. Ya ce ba damuwa, da la'asar za a yanka, in an gama in yi abin da na ga dama, amma don Allah kada in ba shi kunya, shi ya tsaya mini a gaban shugabanninsa.

Mun manta manyan mutane duk uwarsu ɗaya, na can da na nan. La'asar ta yi, ta wuce, makaɗa suka buga abin da suka tanada har suka koma farko, kujerun gaba ba kowa. Ni kuwa idona na kan wata 'yar tagar gilashi can sama, ina kallon hasken cikinta yana sauya launi. Sai da ya yi ja sannan aka ji jiniya. Kowa ya miƙe, aka fara jawabi, mai jawabin kuma irin wanda ke gaida kowa da sunansa ne. Almakashi na kan faranti, rana na faɗuwa. Emeka yana tsaye a gefe, muka haɗa ido, ya girgiza mini kai a hankali. Ina jin nauyinsa, ina jin kunyarsa, amma masu kyamara sun fi goma a gaban ƙyallen nan, tagar kuwa ba ta da kowa sai ni. Na sunkuyar da kai na bi ta tsakanin kujeru, na fita ana jan ƙofar.

Igiyar takalmina ta tsinke a tsakiyar titi, na kwashe su a hannu na ƙarasa ba takalmi, 'yan acaɓa na yi mini ihu da yaren da na gode Allah ban ji ba. Mama Sika ta riga ta buɗe murfin tagar. Na ɗora ƙafafun a kan ɗigon, kowacce ta zauna kamar ta dawo gida. Na ɗaura kyamara. Da na tsaya a bayanta sai ta tsaya mini a ƙirji, hannuna har ya kai kan maɗaurin zai ƙara tsayi. Na janye shi, na sunkuya.

Ga kwakwar nan a gefen dama, daidai inda na san ta tun a bangon shago. Sama ta yi wani shuɗi mai zurfi irin na sabon rini, ginin kuma ya tsaya baƙi ƙirin, ba a kunna fitilun waje ba. Na jira, bayana na ciwo, ƙarar teku na shigowa. A wannan jiran ne na ga duk hotunan Baba suna wucewa a cikin gilashin ɗaya bayan ɗaya, fili, rami, rodi, ginshiƙai, kamar ginin yana tashi a gabana cikin numfashi guda. Na ji kamar kafaɗarsa na jikin tawa. A nan ya tsaya shekara da shekaru, gajeren mutum daga Sabon Gari, da hularsa da haƙurinsa, yana kallon abin da ba zai ga ƙarshensa ba. Sai fitilun suka kama, daga ƙasa suka hau har rufi, mutanen da suka cika harabar suka ɗaga kai gaba ɗaya. Hasken ginin da na sama suka zo ɗaya, yadda ya faɗa. Na danna, na sake dannawa, kafin in ƙara sama ta yi duhu. Hawaye na ta zuba, na ce wa Mama Sika albasarta ce. Ta ce ita dai ba ta ga wanda ya yanka ba.

Ita ce ta mai da ni ciki. Ashe matar da ke hura wuta a hotunan Baba ita ce, ta ciyar da ma'aikatan ginin tun daga rami, kuma har yau ita ke kai wa masu gadi abinci. Ta ɗora mini kwanon akasa a ka, ta rufe kyamarata da zane, muka bi ta ƙofar baya ana gaishe ta kamar uwar gida. Haka na tsinci kaina a bayan dandamali, ba takalmi, wata mawaƙiya na gabana ta ba ni baya, ganguna na dukan ƙirjina. Daga nan ba fuskarta nake gani ba, fuskokin masu kallo nake gani, haske na wanke su yana wucewa. Can kujerun sama na hango waɗansu mutane cikin kayan fita kunya, suna nuna wa matansu rufi da yatsa. Na gane fuska biyu ko uku, na san su da hular kwano da siminti a gira. Su na fi ɗauka a daren.

Yanka ƙyalle kam ya wuce ni, kuma an yi wa Emeka faɗa a kaina. Bai ɗaga wayata ba sai ranar da zan taho, na gan shi a tasha da dogayen burodi a hammata, wai Baba na son su. Na nuna masa hoton a waya, na nuna masa na farkon mai awaki. Ya daɗe yana kallo, ya ce har yanzu yana fushi da ni, in gaida Baba. Mama Sika kuwa ta ba ni albasar da sai da Hajiya Talatu ta yi rantsuwa a kan iyaka cewa ba ta sayarwa ba ce.

Ina isowa Zariya ko wanka ban yi ba na wanke hoton, girmansa ɗaya da 'yan'uwansa, na hau acaɓa zuwa Sabon Gari. Na tarar da Baba zaune a benci a ƙofar shago, rana na dukansa. Ya gane ni da takuna. Na ba shi labarin bene da albasa da tagar da ba ƙarfe, yana saurare yana murza gwiwa, sannan na sa masa hoton a hannu. Ya kai shi dab da fuska, ya matsar da shi dama, ya matsar hagu, ya juya wajen rana. Tun kafin ya yi magana na gane na makara.

"Akwai haske a tsakiya," ya ce. "Shi kaɗai nake gani."

Na zauna a gefensa kan bencin. Shi kuwa sai ya kwantar da hoton a cinyarsa, ya shafa gefen dama har ya sami kusurwa. Ya auna da tafin hannu daga gefe, ya auna daga ƙasa, ya ɗora yatsa.

"Nan kwakwar take?"

Na leƙa. Yatsansa na kan ganyenta.

"Nan take, Baba."

"To kin sunkuya," ya ce, ya yi murmushi.

Ya ƙi in taimaka masa. Ya miƙe da hoton, ya shiga shago yana shafa jerin nan ɗaya bayan ɗaya, tun daga mai awaki, har yatsunsa suka sami ƙusar, ya rataye shi da kansa. Ya ɗan tsaya a gabansa, sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Ki kira Mama Sika," ya ce. "Ki ce mata ta sa wa tagarta ƙarfe, ta zuba 'yan haya. Ki ce na dawo na ɗauka."